Sunan Yankan Rahama

Ba a ɗaura auren Rahama da Illiassou ba ranar Asabar. An taru, an shimfiɗa darduma, an ajiye goro da dabino a gaban liman, amma ba a shafa fatiha ba. Kafin la'asar dangin ango sun kama hanyar Paris. Amarya tana zaune a ɗakin uwarta a Vaulx-en-Velin, gefen birnin Lyon, da lalle har gwiwar hannu.

Suna ne ya tsayar da auren.

Iyayen Rahama mutanen Damagaram ne. Ita ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin yara a Lyon, shekararta ashirin da shida. Illiassou ɗan Maraɗi ne, injiniyan ruwa, yana zaune a Saint-Denis, kusa da Paris. Da safiyar ranar sun je meri, ofishin magajin gari, sun sa hannu, saboda haka a dokar Faransa miji da mata ne. A wurin mutanensu kuwa, saurayi da budurwa ne har yanzu.

Mai tsaya wa ango ƙanen mahaifinsa ne, Alhaji Moutari, mai kantin atamfa da shadda a unguwar Belleville ta Paris, wanda ya riƙe shi tun zuwansa karatu. Alhaji bai je meri ba. Ya ce auren takarda na yara ne, shi sai na masallaci. Da ya je, da tun da safe ya ji sunan.

Mai tsaya wa amarya Malam Dodo ne, aminin marigayi mahaifinta, Ilya. Shi ya hawo bene da labarin, hularsa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

Ya ce liman ya tambayi sunan yarinya, Alhaji ya riga kowa ya ce Rahama. Liman ya juyo wajen waliyyi ya ce, "Shi ne na yanka?"

"Hajiya, a gaban liman fa," in ji Malam Dodo. "Ya zan yi? Na ce Rahama laƙabi ne. Sunan yanka Assunta."

Hajiya Kadidiatou, uwar amarya, ta sunkuyar da kai.

"Alhaji ya ce in sake faɗi, na sake. Ya ce wane yare ne, na ce Italiyanci. Ya ce mece ce ma'anarsa, na ce wallahi ban taɓa tambaya ba. Da nan aka tsaya, da an wuce. Sai ga Walid ya zaro waya."

Walid mai shagon kayan abinci ne a cikin Lyon. Sau biyu yana aiko wa Hajiya maganar Rahama, sau biyu ana ba shi haƙuri. Ya zo ɗaurin auren kamar kowa, ya zauna a sahun gaba. Shi ya karanta wa jama'a, da murya mai daɗi, cewa sunan daga Latin ya fito, ma'anarsa wadda aka ɗauke zuwa sama. Ya ce Kiristocin Katolika sun yi imani an ɗauke Nana Maryamu da jikinta zuwa sama, suna bikin ranar a sha biyar ga Agusta, kuma daga bikin ne sunan ya samo asali.

"Alhaji bai ɗaga murya ba," in ji Malam Dodo. "Cewa ya yi shi ba ya karɓa wa ɗan wansa aure da wannan suna. A yanka wani rago, a raɗa mata sunan Musulunci, ya dawo ko gobe ne. Ya miƙe ya sa takalmi."

"Illiassou fa?" in ji Rahama.

"Ya bi shi har mota yana roƙo."

"Ya shiga motar?"

Malam Dodo ya duba hularsa. "Ya shiga."

A unguwar kaf, ba kowa ya san sunan ba. Rahama 'yar fari ce, Hajiya kuwa ba ta taɓa buɗe baki ta kira shi ba, don kunya. Mai-suna take ce mata. Mutane sun ɗauka wata kaka ce aka mayar a Damagaram, kuma ba a tambayar uwa sunan ɗan fari. Rahama mahaifinta ya laƙaba mata, shi ya bi ta.

Mai sunan kuwa tana falo a wannan lokacin. Tsohuwa ce 'yar kudancin Italiya, ta haura tamanin, ta yi tafiyar yini guda a jirgin ƙasa don bikin. Mata sun ɗinka mata ankon amarya, sun ɗaura mata kallabi. Tana zaune da jakarta a kan cinya tana jiran a yi guɗa.

*

Washegari Walid ya zo jaje da kwalin lemo. Rahama ce ta buɗe ƙofa, ba ta matsa masa ya shiga ba.

"Wallahi ban yi da wata niyya ba," ya ce. "An yi tambaya, na ba da amsa."

"An gode. Unguwa ta samu malami."

"Ki yi faɗanki. Amma ki duba, wanda ke son ki ya shiga mota ya bar ki da lalle. Ni ko sunanki Paparoma ne, ina so a haka. Takardar meri ana warware ta, ba saukakkiya daga sama ba ce."

"Ka tafi da lemonka, Walid. Akwai ciwon sukari a gidan nan, ba ma sha."

Ta rufe ƙofar a hankali. Sai da ta jingina da ita ta gane abin da ya fi yi mata ciwo: rabin maganarsa gaskiya ce.

Tsohuwar tana kicin tana murza kwaɓin fulawa, don ta ce ba ta iya zama hannu sake. An gaya mata kawun ango ne bai ji daɗi ba, aka ɗage. Ta karɓa a haka. Yanzu da ta ga Rahama ita kaɗai, sai ta kira ta da Italiyanci, harshen da Rahama ta fara magana da shi kafin Hausa.

"Assuntina, zo nan. Ba na jin yarenku, amma ina jin sunana. Tun jiya yake yawo a bakin mutane, kuma ba da daɗi ake faɗinsa ba."

"Nonna, ba komai," in ji Rahama. Haka take kiran ta, wato kaka.

"Kada ki yi wa tsohuwa ƙarya. Ba sa son sa?"

Rahama ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"To, ki canja. Ni ranar bikin Nana Maryamu aka haife ni, uwata ta ji ƙararrawar coci ta ce ga suna ya zo da kansa. Ba ta yi wani tunani ba. Ba ni da ɗa, ba ni da jika, na ɗauka in na mutu sunan ya mutu. Ya ƙara shekara ashirin da shida a wurinki. Ya isa. Miji ya fi suna ɗumi."

Ta ci gaba da murza kwaɓin. Hawaye yana ɗiga a cikin fulawar.

Hajiya ta shigo ta same su a haka. Ta dubi tsohuwar, ta dubi 'yarta, ta yi magana da Hausa.

"Mai-suna, ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Wanda ya raɗa shi yana kabari. Amma ina tsoron bakin mutane. Yarinyar da aka tashi daga ɗaurin aurenta, ko shekara nawa za a yi, da shi za a riƙa kwatanta ta."

"Inna, ke kina so a canja?"

"Ni da ban taɓa kiransa ba, ina ruwana da shi?"

Ta faɗi haka, ta juya ta buɗe famfo da ƙarfi. Babu kwano ko ɗaya a wurin wanki.

*

Ranar Talata Rahama ta shiga jirgin safe zuwa Paris. Illiassou yana jiran ta a bakin tasha, da rigar aiki, idonsa ya faɗa. Ya miƙa hannu zai karɓi jakarta, ta mayar da ita ɗaya kafaɗar.

"Kin ƙi ɗaukar wayata."

"Ka shiga mota."

"Rahama, cikin motar ne kaɗai zan iya yi masa magana. Tun daga Lyon har Paris ina magana. Bai amsa ba sai da muka iso."

"Ya ce me?"

"Ya ce ya riga ya sa an kama rago a wata gona bayan gari."

Ta yi 'yar dariya mara daɗi. Suka gangara metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai da jirgin ya tashi ta sake magana, a hankali, don akwai mutane.

"Ka san sunan tun ranar da muka haɗu. Me ya hana ka gaya masa?"

"Na ɗauka sunan takarda ne. Mu nawa ne a ƙasar nan da sunan takarda daban, na gida daban? Ban taɓa tunanin an yanka masa rago ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Ban tambaya ba. Laifina ne, dakor, na yarda. Amma ki saurare ni. Ba abin da zai canja a takarda. Nonna ba za ta ma sani ba. Rago ɗaya, addu'a ɗaya, a ce Maryama. Ni Rahama nake ce miki, Rahama zan ci gaba da ce miki. Mene ne za ki rasa?"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Ta sani. Ta ma ce in canja."

"To, alhamdu lillahi!"

"Ba ka gane ba, Illiassou. Da ta ce kada in canja, da na samu wanda zan yi wa gardama. Ta ce in canja, tana kuka a cikin fulawa."

Ya dubi taswirar tashoshi a saman ƙofa, kamar amsar tana can.

"Ba zan iya aure ba da yawunsa ba," ya ce. "Ubana ya rasu ina aji uku. Mutumin nan ya kawo ni, ya ciyar da ni, a bayan kantinsa na kwana har na gama karatu. In na tsallake shi, da wane ido zan dubi tsohuwata a Maraɗi?"

"Ban ce ka tsallake shi ba. Kai ni wurinsa."

"Ke? Amarya? Ba a yin haka."

"Ni ba amarya ba ce. Ai ba a ɗaura ba."

*

Kantin Alhaji Moutari siriri ne mai zurfi, atamfa jere har rufi. Alhaji yana bayan kanta yana auna shadda. Da ya gan su ya ajiye almakashi. Rahama ta cire takalmi a bakin dardumarsa, ta durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya? Ina Hajiya? Ina Malam Dodo? Tashi, tashi, ga kujera."

Ba ta tashi ba. Ya sallami mai sayen shaddar, ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ya dawo ya zauna.

"Na san abin da ya kawo ki. Ki sani ba ni ƙin ki. Na yi bincike, ba wanda ya ce miki kanzil. Amma suna ba riga ba ne, da shi za a kira ki ranar tsayuwa. Manzon Allah da kanshi ya canja wa mutane suna. Mu a wurinmu Annabi Isa ne aka ɗauke zuwa sama. In na zauna gaban liman na ce na karɓa da wancan suna, kamar na sa hannu ne a kan abin da ban yarda da shi ba."

"Na ji, Baba."

"Kuma ban zo miki da baƙon suna ba. Tunda don Nana Maryamu aka yi shi, a ce Maryama. Kin ga ba a yi nisa ba. Mi ya fi wannan adalci?"

Ya gyara zaman tabarau.

"Ina da jika a Marseille. Ban iya faɗin sunanshi. In na kira shi ba ya waigowa. Da haka ake farawa, ɗiyata. Yau suna, gobe ba a san alƙibla ba."

Rahama ta ɗago kaɗan. 

"Baba, a ba ni izini in faɗi yadda aka yi."

Ya ɗaga mata hannu.

"Babana tumatir yake tsinka a kudancin Italiya. Inna ta biyo shi da ciki, ba ta jin yare, ba ta da kowa. Ranar da naƙuda ta kama ta yana wata gona mai nisa. Matar da ke maƙwabtaka da su ce ta ji kuka, mijinta makiyayi ne, ya rasu ya bar mata tumaki. Ita ta sa Inna a mota ta kai ta asibiti. Da aka sallame su ta ga ɗakin da za a mayar da jinjira, babu ruwa babu wuta, sai ta kwashe su zuwa gidanta."

Ta gyara durƙuso, ta ci gaba.

"Inna tana ta kuka, matar ta rasa dalili. Babana ya yi mata bayani da hannu da ƙafa, cewa a garinmu uwar mai jego ce ke dafa mata ruwan wanka har kwana arba'in, ita kuwa uwarta tana Damagaram. Washegari matar ta hura itace a bayan gida, ta ɗora tukunyar da take dafa madarar cuku. Babu darbejiya a can, ta tsinko ganyen zaitun. Safe da yamma, har aka yi arba'in. Har yau Hausar da ta iya ke nan: sannu, da ruwan zafi."

Illiassou ya juyo ya dube ta. Bai taɓa jin wannan ba.

"Da kwanan suna ya zo, Babana ba shi da rago. Ta shiga garke ta jawo babban cikinsu ta ba shi igiya. Ta juya baya lokacin yanka, amma ta tsaya. Malam Dodo yana wurin, shi ya riƙe ƙafafu. Babana ya ce ba shi da abin da zai ba ta sai abu guda. Baba, ku kun fi ni sanin abin da Bahaushe ke nufi in ya yi wa mutum takwara."

"Na sani."

"Ita kuma ba don aƙida aka sa mata ba. Ranar bikin aka haife ta, kamar yadda muke cewa Jummai ko Azumi."

"Jummai Juma'a ce, Azumi watanmu ne," in ji Alhaji. "Wannan ranarsu ce. Kada ki haɗa."

"Ban haɗa ba. Sallata ba ta taɓa tambayar sunana ba, Baba. Amma in kun ce sai an canja, ba zan yi muku gardama a kan addini ba, ban kai ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ragon farko nata ne. Ba a kwance takwara a bayan idon mai suna. Tana gidanmu, da ankon bikina a jikinta. Ku zo ku gaya mata da bakinku, ni zan fassara, ba zan rage ko kalma ba. In kun iya faɗa mata, a yanka ragonku. Na amsa Maryama."

"Rahama," in ji Illiassou a hankali.

Alhaji ya ɗaga masa yatsa. Ya daɗe yana kallon titi ta cikin gilashin ƙofa, inda wata mata ke karanta allon tana duba agogo.

"Tana raye? Na ɗauka ta daɗe da rasuwa."

"Tana raye."

"Tafiyar mi ta yi ta zo?"

"Jirgin ƙasa, yini guda, ita kaɗai."

"Kuma aka bari na baro garin ban gaishe ta ba." Ya juya wajen Illiassou. "Kai wane irin yaro ne? Karatu har ya yi maka yawa, ba ka san abin da ake gaya wa manya ba?"

"Baba, ni ma yanzu nake ji."

"Rufe mini baki."

Ya miƙe, ya jawo tsani, ya hau da kansa duk da ciwon gwiwa. Daga can sama, inda yake ajiye na manyan baƙi, ya sauko da turmin atamfa shuɗi mai duhu. Ya shafa shi, ya naɗe a takarda, ya ɗaure da zare. Rahama tana kallon hannunsa. Bai miƙa mata ba. Ya sunkuya ya tura shi ƙarƙashin kanta.

"Yaushe take komawa?"

"Lahadi da safe."

"Ki gaida Hajiya. Illiassou, raka ta tasha."

Ya juya allon ƙofa, mai sayen shadda ta shigo, ya ɗauki almakashi.

Rahama ta koma Lyon a jirgin yamma. Illiassou ya sayi tikiti biyu na zuwa Lyon ranar Asabar, ya ajiye ɗaya a kan kanta, kusa da ma'auni. Alhaji bai ɗauka ba, bai kuma ce a ɗauke ba. Mai gonar ya kira ranar Alhamis yana tambayar ranar yanka, aka ce masa ya ci gaba da ba ragon ciyawa.

A Vaulx-en-Velin tsohuwar ta wanke ankon, ta goge, ta rataye a bayan ƙofa. Ba ta sa shi a akwati ba. Lallen hannun Rahama ya fara koɗewa daga kan yatsu.

Har bayan sallar Juma'a, tikitin yana kan kanta, turmin yana ƙarƙashinta.